Sabon Fasfo Ba Ya Zuwa Da Tsohuwar Igama

A ƙarshen daminar da ta wuce na je ta'aziyya wani ƙauye da ke Ƙaramar Hukumar Kiru, ba nisa da Kwanar Ɗangora. Dattijon da ya rasu aminin mahaifina ne, ya kuma yi jinyar kusan wata guda kafin Allah Ya karɓi abinsa. Abin da ya fi tsaya wa jama'a a rai a zauren nan shi ne, babban ɗansa, wanda ke aikin jinya a wani asibiti a Saudiyya, bai iso ba sai bayan sadakar uku, alhali tun ranar da aka buga masa waya cewa jikin tsoho ya tsananta ya yanki tikiti. Wasu har sun fara ƙananan maganganu, wai Riyal ta ɗauke masa hankali. Da na keɓe da shi sai ya fito da fasfo biyu daga aljihu ya ajiye a gabana, tsoho da sabo, ya ce, "Yaya, waɗannan ne suka hana ni ganawa da Baba."

Ga yadda abin ya faru. Ya sabunta fasfonsa a can kamar yadda doka ta tanada, aka ba shi sabo, ya jefa a akwati ya ci gaba da aikinsa. Bai san cewa igamarsa, wato takardar izinin zamansa, tana nan ɗaure da lambar tsohon fasfo a cikin kwamfutar hukumar shige da fice ta Saudiyya ba. Da tafiya ta taso aka fitar masa da bizar fita da dawowa a kan tsohuwar lamba, sai a filin jirgi aka ce fasfon da ke hannunsa ba shi ne wanda gwamnati ta sani ba. Da ya koma don a mayar da bayanansa kan sabon, sai wata ta sake ɓullowa. Tsohon fasfo yana ɗauke da sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, kamar yadda aka rubuta masa tun firamare, sabon kuwa an ɗauko sunansa ne daga rajistar lambar NIN, inda babu sunan garin. A idon jami'in da ke zaune a gaban kwamfuta, mutum biyu ne daban. Sai da ya samo wasiƙa daga ofishin jakadancinmu cewa mai wancan suna shi ne mai wannan, kafin nan kuwa mai aukuwa ta auku.

Na kawo wannan labari ne saboda na tabbata ba a kansa farau ba. Abin da nake so mai karatu ya fahimta shi ne, karɓar sabon fasfo a ƙasar waje rabin aiki ne kawai. Fasfo na Nijeriya ne, amma izinin zama na masu ƙasa ne, kuma babu wata igiya da ke haɗa kwamfutar Abuja da ta Riyadh ko ta Delhi ko ta Landan, in ba shi mai fasfon ba. Idan bai ɗauki sabuwar lambar ya kai musu da kansa ba, babu mai kai masa. Mu mutanen Arewa kuma muna da wata larura ta ƙari wadda wasu ba su da ita, ita ce sakacin da muka daɗe muna yi da sunayenmu da ranakun haihuwarmu.

Tafiya ba baƙuwarmu ba ce. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro, ya kuma keta ƙasa har Gwanja da Kumasi da Ankara kafin ya dawo ya zauna a Kano ya zama attajirin da ya zama. A wancan zamani shaidar bafatake ita ce madugun da ya biyo da fatoman da ya sauke shi a zango. In fatoma ya ce ya san ka, ya san ubanka, to ka samu izinin zama. Haka kakanninmu suka bi ta Barno da Wadai da Sudan a ƙasa zuwa Makka, wasu suka shekara goma a hanya, wasu ma suka yi zamansu a can. Wannan tarihi abin alfahari ne, sai dai ya bar mana wata ɗabi'a, ta ganin cewa sanayya ta fi takarda. An fara yi mana bulala a kan wannan ɗabi'a tun a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya nemo ko ya fice. Dubban mutane, ciki har da Hausawan zango da aka haifa a can, suka kwaso abin da za su iya ɗauka suka bar gidaje da gonakin koko. A 1983 mu ma gwamnatin Shehu Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora. Darasin a fili yake, amma har yau ba mu gama ɗaukarsa ba.

Yanzu bari mu duba yadda abin yake aiki a ƙasashen da mutanenmu suka fi zuwa, domin kowace ƙasa da nata tsarin, kuma wanda ya ɗauki dokar wata ya kai wata zai sha mamaki.

A Saudiyya, inda nake jin babu unguwa daga Tiga zuwa Riruwai da ba ta da wani nata a can, komai na baƙo yana rataye ne a kan igama: albashi, asusun banki, layin waya, asibiti, makarantar yara, har izinin fita daga ƙasar. Hukumar da ke kula da wannan ita ce Jawazat. Idan baƙo ya sabunta fasfo, wajibi ne a yi abin da suke kira naƙalin ma'alumat, wato a mayar da bayanansa daga tsohon fasfo zuwa sabo, ta manhajar Absher ko Muqeem, ko kuma a ofishin Jawazat idan akwai wata tangarɗa. Sau da yawa sai ta hannun kafili ko kamfanin da mutum ke wa aiki, magidanci kuma shi ke da alhakin na matarsa da 'ya'yansa. Idan suna da ranar haihuwa sun dace, aiki ne na ɗan lokaci. Idan ba su dace ba, ko tsohon fasfo ya ɓata, sai a koma yawon ofisoshi. Abin lura kuma, fasfon da ya mutu yana iya hana sabunta igama, igamar da ta mutu tana jawo tara da rufe asusun banki, in aka maimaita ta kai ga kora. Ta haka mutumin da ya shiga ƙasa da halattacciyar biza yake wayar gari cikin sahun marasa takarda, ba don ya yi wa kowa laifi ba, sai don wata lamba da ba a sauya ba.

A Indiya, inda gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai masu yawa a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta kuma farfaɗo da shirin a 2023 a zamanin Abba Kabir Yusuf, ɗalibin da bizarsa ta haura kwana 180 dole ne ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi da ake kira FRRO cikin kwana 14 da sauka. Takardar zaman da za a ba shi tana ɗauke da lambar fasfonsa. In ya sabunta fasfo a tsakiyar karatu, sai ya koma ya nemi a mayar masa da bizar kan sabon. Ɗalibin da ya yi wasa da wannan, ranar da ya kammala digiri ya nufi filin jirgi da akwatin tsaraba, ranar zai fara neman takardar izinin fita.

A Ingila an daina ba da katin zama na roba, wa'adin mafi yawansu ya ƙare a ranar 31 ga Disamba, 2024, aka koma biza ta intanet wadda ba a gani a cikin fasfo. Tana cikin asusun da mutum ya buɗe da hukumar UKVI, ɗaure da lambar fasfonsa. Likita ko malamin jami'ar da ya zo hutu Kano da sabon fasfo, bai shigar da lambar a asusunsa ba, yana iya samun kansa a gaban kantar jirgi yana rantsuwa cewa yana da izinin zama, kwamfuta kuwa ta ce ba ta san shi ba. Amurka kuma nata daban ne. Bizar da ke cikin tsohon fasfo tana nan da ranta har wa'adinta ya cika, muddin ba a yage ta ko an lalata ta ba, sai dai mutum ya riƙe fasfon biyu tare. A watan Yuli na 2025, lokacin da Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da ake ba 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya, an bar waɗanda aka bayar kafin nan da wa'adinsu. Wanda ya jefar da tsohon fasfonsa a wancan lokaci saboda ya samu sabo, ya jefar da abin da kuɗi ba za su maido masa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne ga wanda sunansa ɗaya ne a ko'ina. To mu nawa ne haka? Yaro a Doguwa ko Tudun Wada yana shiga firamare, malami ya ga akwai masu suna ɗaya guda huɗu a aji, sai ya liƙa wa kowa sunan garinsu ko unguwarsu. Wannan al'ada ce da ta ba mu manyan sunaye, dubi 'yan siyasarmu irin su Alhassan Ado Doguwa da Abdulmumin Jibrin Kofa, kuma babu laifi a cikinta. Laifin yana zuwa ne idan takardar sakandare ta ɗauki sunan gari, ta banki ta ɗauki sunan kaka, katin ɗan ƙasa ya ɗauki sunan uba kaɗai. Ga Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman duk a kan mutum guda. Ga ranar haihuwa, wadda rabin tsararmu aka rubuta musu 1 ga Janairu saboda babu wanda ya ajiye lissafi, wasu kuma suka je kotu suka yi rantsuwa suka rage shekaru don neman aiki, sannan suka manta da wace suka bayar a ina. Daɗin daɗawa, idan aka mayar da sunan zuwa haruffan Larabci a kan igama, sai ya sake ɗaukar wata kama. Muddin ɗan Adam ne ke duba takarda ana iya yi masa bayani ya fahimta. Kwamfuta ba ta jin bayani.

Mun ga abin da saɓanin suna ke iya jawowa a aikin Hajjin 2012, lokacin da hukumomin Saudiyya suka tsare mata alhazan Nijeriya sama da 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu, har Nijeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci, aka kuma ɗora wa Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, jagorancin tawagar sasanci. Rahotanni a lokacin sun nuna cewa a cikin matan akwai waɗanda suka je tare da mazajensu, amma sunan da ke takardarsu bai dace da na mijin ba. Idan haka ta faru ga baƙin Allah da suka tafi a ƙarƙashin inuwar hukumar alhazai, ina ga mai aikatau a gidan wani, wadda ba ta da mai tsaya mata?

Gaskiya ɗaya ce, gwamnati ta yi ƙoƙari a ɓangaren samar da fasfo. A 2007 aka shigo da fasfo mai ɗauke da zanen yatsu, a 2019 aka ƙaddamar da wanda ya fi shi inganci mai wa'adin shekara 10 da shafi 64, aka kuma ɗaure shi da lambar NIN. A 2023 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da kammala buga fasfo sama da 200,000 da suka taru ba a bayar ba, a watan Nuwamba na 2024 kuma aka fara gwajin sabunta fasfo ta wayar hannu ga mazauna Kanada. Lokacin da aka ƙara kuɗin fasfo a gida a watan Satumba na 2025 zuwa Naira 100,000 na shekara 5 da Naira 200,000 na shekara 10, an bar na mazauna waje a kan Dala 150 da Dala 230. Ɗaure fasfo da NIN ma a ganina daidai ne, domin ƙasar da ba ta san sunan 'ya'yanta ba, ba za ta iya kare su ba. Sai dai gyaran ya zo da wani sakamako da ba a yi masa tanadi ba. Wanda ya fita da fasfon da aka yi kafin NIN, bizarsa da igamarsa da lasisin aikinsa duk suna kan tsohon suna, sabon fasfo kuma zai fito da abin da ke rajistar NIN, wadda wataƙila wani yaro ne ya cike masa ita a gurguje a wani shago lokacin da aka matsa wa mutane haɗa layin waya. Gwamnati ta gyara ɗakinta, amma ta bar ɗan ƙasa shi kaɗai ya je ya yi wa baƙon jami'i bayanin abin da ya sa sunansa ya sauya.

Na san za a ce ofishin jakadanci ba shi da iko a kan kwamfutar wata ƙasa, kuma wannan gaskiya ne. Za a kuma ce baligi mai hankali da ya iya ketare teku ya kamata ya iya karanta dokar inda yake zaune. Wannan ma akwai ƙanshin gaskiya, musamman a kan mu 'yan boko, domin wanda na ba da labarinsa yana da digiri. Amma mafi yawan mutanenmu da ke Makka da Jidda da Madina ba ma'aikatan asibiti ba ne. Direbobi ne, da masu gadi, da teloli, da mata masu aikin gida waɗanda ejan ya cike musu komai a Kano, ba su taɓa ganin abin da aka rubuta ba, wasu ma fasfon yana hannun uwar ɗakinsu. Irin waɗannan ne idan takarda ta rikice suke sulalewa su shiga cikin takari, su yi ta wasan ɓuya da 'yan sanda har ranar da za a kwashe su zuwa tarhil a Shumaisi, a ɗauki zanen yatsunsu, a sauke su a filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu. Saudiyya ta yi afuwa a 2013, ta sake yi a 2017, don marasa takarda su gyara zamansu ko su fita ba tare da hukunci ba, amma wanda ba shi da fasfo mai rai, da me zai je ya gyara? Haka kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya nuna mana cewa takarda ba ta jiran a shirya, domin ɗalibanmu sun kwana da kwanaki a kan iyakar Masar ana jiran izinin shiga, kuma a irin wannan rana wanda takardunsa suka cika ya fi kowa kwanciyar hankali.

Saboda haka ina ganin aikin ya kasu uku. Na farko yana kan mai fasfo. Kafin ya nemi sabuntawa ya fara duba abin da ke rajistar NIN ɗinsa, harafi bayan harafi, ya gwada da tsohon fasfo da takardar zama, in akwai saɓani ya gyara tun kafin a buga sabon. Kada ya jira sai fasfo ya kusa mutuwa, tunda ƙasashe da kamfanonin jirage da dama ba sa karɓar wanda bai kai wata shida ba. Ranar da ya karɓi sabo, ranar ya kamata ya fara neman mayar da bayanansa, ya kuma tabbatar da idonsa cewa sabuwar lambar ta fito kafin ya yanki tikiti. Tsohon fasfo kuwa a adana shi kamar takardar gona, a ɗauki hotonsa a aika gida a ajiye. Rigakafi dai ya fi magani.

Na biyu yana kan Hukumar Shige da Fice da ofisoshin jakadancinmu da Hukumar 'Yan Nijeriya Mazauna Waje. Me zai hana duk wanda aka miƙa wa sabon fasfo a Jidda ko Riyadh ko Alƙahira a haɗa masa da takarda ɗaya, da Hausa da Larabci da Turanci, mai bayanin matakin da zai ɗauka a ƙasar da yake? Me zai hana duk wanda sunansa ko ranar haihuwarsa ta sauya tsakanin tsoho da sabo a ba shi wasiƙar shaida mai hatimi nan take, ba sai ya dawo yana roƙo ba? Wannan ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Takarda ce da tawada da niyya.

Na uku yana kanmu a gida. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da ke tura ɗalibai waje ta riƙa ajiye ranar da fasfon kowane ɗalibi zai mutu, ta tunatar da shi. 'Yan majalisarmu na Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, in suna neman aikin mazaɓa mai amfani, su kafa teburin gyaran NIN a hedikwatun ƙananan hukumomi, ya fi rabon babura tasiri. Hakimai da dagatai da limamai su matsa a yi wa jarirai rajistar haihuwa tun ranar suna, shugabannin firamare kuma su daina raɗa wa yaro sunan da ubansa bai sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutumin da na ba da labarinsa ya koma bakin aikinsa bayan addu'ar arba'in. Kafin ya tafi sai da ya tara ƙannensa ya sa kowa ya kawo takardunsa aka shimfiɗa a tabarma, aka tarar a cikin su biyar babu ko ɗaya da sunansa ya zo iri ɗaya a takardu uku. Ina roƙon mai karatu, ko yana da niyyar fita ko ba shi da ita, ya yi irin wannan shimfiɗa a gidansa a daren yau. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya.